Rantsuwar Baƙo Mai Tifa

Shekara talatin da ɗaya Baƙo ya yi yana zaune a kan injin gas. Ya ja tirela zuwa Legas, ya ja tanka, da ƙarfi ya fara ja baya sai ya dawo gida Haɗejiya ya sayi tsohuwar tifa yana ɗibar yashi. Bai yi boko ba, bai kuma taɓa ɓoye wa kowa ba. Amma in babbar mota ta wuce ta titi, daga kukanta kawai zai faɗa maka ciwon da ke jikinta.

Akwai wani guruf na Watsaf da direbobin manyan motoci da makanikai suka buɗe, mutum ya fi ɗari a ciki, daga Haɗejiya har Kafin Hausa da Jahun. Yawanci ba rubutu ake yi ba, murya ake turawa. A nan ake musun wace mota ta fi ja a laka, wane man inji ya fi jure zafi. Shekara biyu in musu ya yi tsawo, sai wani ya ce a jira Baƙo. In ya yi magana an gama.

Sai aka saka Malam Abdulmannan a guruf ɗin. Malamin makarantar koyon sana'a ne, magidanci mai 'ya'ya huɗu, ya karanta inji a littafi, amma ko keken ɗinki bai taɓa kwancewa a gareji ba. Ranar da abin ya faru, Baƙo ya yi bayanin yadda ake sassauta wata ƙusa a famfon gas don mota ta ƙara ƙarfi, ya ce in ka ga baƙin hayaƙi na tashi to mota ta ƙoshi. Malam ya turo murya a hankali, ya ce da neman afuwa, baƙin hayaƙi gas ne da bai ƙone ba, asara ce, kuma yana cin inji. Ya ce in Baƙo na da hujja ya kawo.

Hujja! Baƙo ya danna waya ya ce, "Malam, tambaya ɗaya zan yi maka. Ka taɓa kwana a ƙarƙashin mota?"

Aka yi ta dariya. Amma Malam bai yi shiru ba. Ya turo hoton wani fistin na cikin inji da ya ƙone, ya turo wani zane, wasu suka fara cewa ai maganar Malam ma abin dubawa ce. Wani ya ce zamanin Baƙo ya wuce, yanzu waya ta fi kunne. Aka fara turo hotunan nan masu bakin dariya. Cikin masu turowa har da Muttaka, mijin ƙanwarsa Saudatu, mutumin da Baƙo ya koya wa riƙe sitiyari da hannunsa. Wannan ce ta fi yi masa zafi.

Ya ɗauki waya ya danna. "Wallahi tallahi, duk wanda ke cikin guruf ɗin nan, ko injinsa zai kama da wuta a gabana, ban ƙara ba shi shawara. Ku je littafi ya gyara muku."

Bai fita daga guruf ɗin ba. Kullum yana ji, ba ya tankawa. Wata biyar.

Damina ta yi nauyi a shekarar. Ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, kogi ya cika ya fantsama cikin fadamu, ƙauyukan Kirikasamma suka shiga kwashe hatsi daga rumbuna kafin ruwa ya cim musu. Muttaka na cikin masu yi musu jigila da motarsa 'yar tan goma. Motar nan ita ce komai nasa. Gonarsa ta fadama, wadda ya gada wajen ubansa, ita ya sayar ya saye ta. Da ita Saudatu da 'ya'yanta shida ke cin abinci.

Ranar wata Talata da hantsi, Baƙo na zaune a tsakar gida yana shan koko, matarsa Barira na tankaɗe, sai waya ta yi ƙara. Ya danna. Muryar Muttaka ce, yana haki, ana jin ruwa na gudu a bayansa.

"Jama'a a taimaka. Na shiga wani kwari a hanyar Kirikasamma, ruwan ya fi yadda na zata. Ya kawo har tukunyar iska ta bayan kan mota. Mota ta yi tari sau biyu ta mutu. Ban taɓa makulli ba tukuna. Na samu tarakta za ta jawo ni. Yaya zan yi?"

Baƙo ya ajiye ludayi. Rubutu ba ya ganewa, amma lamba yana ganewa. Ƙarfe goma da minti goma sha huɗu.

Shi ya san abin da ya faru tun kafin Muttaka ya rufe baki. Inji ya shaƙi ruwa ta hanyar iska. Ruwan na kwance a kan fistin. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. In aka tilasta wa injin juyawa, fistin zai taso ya tarar da ruwa kamar dutse, ƙarfen da ke riƙe da shi ya lanƙwashe. Maganin ba wuya. A jawo ta tudu, a cire nozul masu fesa gas duka, a juya inji da hannu ruwan ya fita, a sauya mai. Aikin yini ɗaya. Ya gani da idonsa sau uku, sau ɗaya ma motarsa ce.

Wanda ya fara amsawa Malam Abdulmannan ne. "Muttaka, don Allah kada ka tayar. Kada ka bari injin ya juya ko sau ɗaya. A cire nozul tukuna."

Baƙo ya saki numfashi. To, an faɗa. Ba sai shi ba.

Sai ga Ɗan'auta, wani direban Jahun mai babbar murya. "Kai Muttaka, rabu da mai alli! Ni nan sau nawa mota na mutu min a ruwa? Ya fi goma. Salansa ce ta sha ruwa. Ka sa ta a giya biyu, tarakta na ja, ka saki kuloci. Za ta yi aman ruwan ta tashi. Mu da muka yi da hannunmu muke faɗa maka."

Malam ya dawo. "Ɗan'auta, naka ta salansa ya shiga. Nasa ta tukunyar iska ne. Ba ɗaya ba ne."

"Malam," in ji Ɗan'auta, yana dariya, "ka taɓa kwana a ƙarƙashin mota?"

Guruf ya ɗauka. Wannan ya turo, wancan ya turo, duk maganar ɗaya. Baƙo na zaune yana jin tambayarsa, da irin jan muryarsa ma, tana fitowa daga bakin mutanen da ba su san bambancin salansa da tukunyar iska ba.

Barira ta daina tankaɗe. "Maigida, ba mijin Saudatu ba ne wannan?"

"Shi ne."

"Wa ke da gaskiya a cikinsu?"

Da ƙyar ya ce, "Mai allin."

"To ka faɗa mana."

"Na rantse."

"Rantsuwa ai tana da kaffara. Mutum goma ne, ni zan dafa."

"Ba ki gane ba. In na buɗe baki yanzu, cewa za a yi Baƙo ya bi bayan ɗan littafi. Shi Muttakan ai da shi aka yi min dariya. Yana da kunne, ya ji abin da Malam ya ce."

Barira ta dube shi, ta mayar da kai kan rariya. Da ta yi faɗa ma da ya fi masa sauƙi.

Muttaka ya sake turowa. "An ɗaura sarƙa. Jama'a kun raba min hankali. Yaya Baƙo, in kana ji, kai nake jira."

Goma da ashirin da biyar. Baƙo ya ɗora babban yatsa a kan wurin dannawa, ya ɗauke. Ya tashi ya je bakin randa ya sha ruwan da ba ya jin ƙishinsa. Ya dawo. A ransa yana cewa bari ya ƙara kira sau ɗaya, in ya ƙara kira zan amsa. Ɗan'auta ya turo cewa shirun Baƙo ai yarda ce, da akwai gyara da ya yi magana.

Wannan ce ta tashe shi. Ya danna da ƙarfi. "Muttaka! Kada ka saki kuloci! Abin da Malam ya faɗa shi ne. Ka bar ta a furi, a jawo ka tudu, ga ni nan zuwa."

Goma da talatin da ɗaya. Saƙon ya tafi. Kusan tare da shi na Muttaka ya shigo, muryarsa a ƙasa.

"Na saki. Ta yi wani ƙara, ƙwas, tayoyin baya suka ja ƙasa. Yanzu ko motsi ba ta yi."

Ɗan'auta bai sake turo komai ba.

Baƙo ya ɗauki jakar sifanu ya hau ɗan acaɓa. Inda kwalta ta ƙare suka bi turba, inda turba ta nutse ya sauka ya naɗe wando ya shiga ruwa. Gonakin shinkafa duk sun shafe, sai kan ganye. Ya tarar da motar a kan tudu, buhunan gero a bayanta, masu hatsin na zaune a gindin wata tsamiya sun zuba tagumi. Muttaka na tsugune a jikin taya.

Ba su gaisa da tsawo ba. Baƙo ya ɗaga kan motar, ya kwance nozul shida ɗaya bayan ɗaya ya jera su a kan tsumma. Ya sa dogon ƙarfe ya juya injin baya kaɗan, sannan gaba. Ruwa ya yi tsartuwa daga rami na uku da na huɗu, ja, mai laka. Ya karyo siririn kara ya zura a kowane rami yana auna inda fistin ke tsayawa in ya taso. Biyar suka zo daidai. Na uku ya tsaya ƙasa da sauran da kusan faɗin yatsa. Da ya haska ƙasan injin, ya ga tsaga a gefensa, mai na tsiyaya.

Ya goge hannu. "Ƙarfen ya lanƙwashe. Ya daki bulok ɗin injin ya tsaga."

Muttaka ya san ma'anar wannan. Ba gyaran yini ba ne, ba na mako ba. Injin ya tafi. Ya daɗe yana kallon ruwan da ya fito daga ciki, sannan ya ce, "Yaya, sai a ƙarshe ka ga saƙon ko? Na san wajenku sabis na wahala."

Ga ƙofa a buɗe. Da ya ce e, da shi ke nan, ba mai sani sai Barira.

"A'a. Tun na farko na ji. Ina zaune."

Muttaka ya ɗago ya dube shi. Bai zage shi ba. Ya tashi ya tafi wajen masu hatsi don su san yadda za a yi da kayansu.

Baƙo ya zaro waya a nan tsaye, ƙafarsa cikin laka. Ya danna.

"Jama'a, Baƙo ne. Injin Muttaka ya fashe. Malam Abdulmannan ya faɗi gaskiya tun minti na farko, kuka rufe masa baki da maganata. Ɗan'auta, abin da ka gani ka gani, ban ƙaryata ka ba, amma ba shi ne wannan ba. Ni kuma na san amsar, na zauna minti goma sha bakwai ina jin ku. Wanda zai zagi wani a kan motar nan, ni zai zaga. Tambayar nan tawa kuma, kada na sake jin ta a bakin kowa."

Washegari Barira ta ɗora babbar tukunya, aka kira mutum goma suka ci. Bayan la'asar Baƙo ya tafi gidan Saudatu da makullin tifa a aljihu. Muttaka na zaune a zaure. Baƙo ya ajiye makullin a kan tabarma, ya ce ya ja ta har a ga yadda Allah zai yi da tasa. Muttaka bai ɗauka ba, bai kuma mayar ba. Ya ce, "To." Daga cikin gida ana jin Saudatu na daka, ba ta fito gaishe da yayanta ba.

A hanyar komawa waya ta yi ƙara. Malam Abdulmannan ne, shi kaɗai, ba a guruf ba. Ya ce ya yi shekara tara yana zana wa ɗalibai lanƙwasasshen ƙarfen fistin a allo, bai taɓa riƙe shi a hannu ba. Ko za a bar shi ya zo ranar da za a buɗe injin?

Baƙo ya tsaya a bakin kwata ya saurara sau biyu. Sannan ya danna.

"Alhamis, bayan asuba, garejin bakin tasha. Ka zo da tsofaffin kaya, Malam. Ƙarƙashi za mu shiga."