Shekarar da Mata Suka Ƙi Ɗiban Auduga

A wani ƙauyen Hausawa kusa da garin Hajj Abdalla a ƙasar Sudan an yi wata mata wai ita Sabuwa, gajera, ga baki kamar aska. 'Yarta Indo ta samu taɓin hankali bayan haihuwar fari. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, daga baya dai aka sa mata mari a ƙafa, kada ta faɗa ruwan da ke shayar da gonaki.

Wadda ta cire marin nan Intisar ce, 'yar garin, da ta koyo aikin jinya a birnin Madani. Ta ware ɗaki a shafakhana, ɗan asibitin ƙauye ke nan, don masu irin wannan larura. Tana ba da magani, amma rabin aikinta zama ne da sauraro. Ita Indo in abin ya motsa Larabci gudu yake daga bakinta, sai Hausa zalla, irin ta kakanni. Sannu-sannu har ta koma goya ɗanta.

Kwatsam sai hukuma ta ce kuɗi sun yi kaɗan: a rufe ɗakin, Intisar ta koma Madani. To, ka ji fa! Ba Intisar, ba magani, sai mari.

Maza suka je roƙo Madani, Gado mijin Sabuwa a gaba, suka dawo da ƙura a rawani.

Sabuwa ta ce, "Mi suka ce, Malam?"

"Sun ce ma'alesh, wai a yi haƙuri."

"Ma'alesh kuka ɗauko mana tun daga Madani? Ai da kun tambaya, akwai ta cike da tukunya."

Lokacin kuwa auduga ta buɗe, gonaki fari fat, kuma kowa ya san hannun matan Hausawa ke ɗibanta. Sabuwa ta bi gida-gida tana cewa kada mace ta je ɗiba. Ba ta sha wuya ba, don kusan kowace zuriya akwai wanda ya taɓa zama ɗakin nan. Gari ya waye, ba mace ko ɗaya a gona. Duk suna gindin itacen bedi a ƙofar shafakhana, suna ɓarar gyaɗa.

Gado ya ce, "Ke, har da gonarmu fa ke zuba ƙasa."

"Ta zuba. Auduga ba ta kuka in an ɗaure ta."

Mufattish mai duba gonaki ya iso da motarsa, yana share gumi.

"Ya Hajja, ni na auduga ne. Asibiti ba ofishina ba ne."

"Ɗana, ku duka tuwon tukunya ɗaya kuke ci. Je ka gaya wa mai ofishin."

Iska ta yi ta watsa auduga cikin ƙasa har mako ya juyo. Sabuwa kan tsaya ta kalli asarar gonarsu, amma da safe ita ke fara shimfiɗa tabarma. Sai ga babban likitan lardi da kansa. Ya shiga ɗakin, ya ga Indo tana shayar da ɗanta, ya daɗe yana kallon tabon ƙafarta. Ya fito ya yi ƙasa da murya.

"Intisar za ta zauna har a gama ɗiba."

Sabuwa ta ce, "Da an gama ɗiba wa ya san mu? Ba ka da uwa ne, likita?"

Mata suka kwashe da dariya. Ya dubi mufattish, mufattish ya dubi gonaki.

"Shi ke nan, ta zauna. Ɗakin ma ya zauna. Zan san inda zan rage."

Sabuwa ta kama kunne. "Na tsufa, ɗana. Ɗaga murya, na bayan can ma shaidu ne."

Ya ɗaga kuwa, har liman ya ji daga ƙofar masallaci. Sannan ta miƙe, ta kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga zaninta.

"Ku tashi, 'yan uwa, mu je mu tsince abin da iska ta bar musu."