Fallen Sifirin Bawah

Ni na fara gani, ba likita ba. Ni Gado mai gadi, wanda bai taɓa zama a aji ba, wanda ya tsira daga haɗarin tirela har sau biyu.

Ina bakin garejin kafil ɗinmu, wato ubangidan da ya ɗauko mu aiki, a Al Wukair kusa da Doha, da hantsi, Bawah ya hau tsohuwar motar nan mai buɗaɗɗen sama, wadda ta girmi ubana. Sai motar ta ƙi lotsawa.

Bawah mutumin Kumasi ne, bakanike, ɗakinsa na jikin nawa. Ƙato ne na gaske. Shi ya nuna mini sifirin motar, ƙarafan da ke ɗauke da nauyinta, falle kan falle, da wani gajeren falle a can ƙasa wanda ba ya taɓa sauran sai nauyi ya yi nauyi. Da can in ya zauna, sai ka ji ƙas, ya taɓa. Ranar kuwa shiru.

"Kai, mutumin Zongo," na ce, "ina ka kai sauran namanka?"

"Tsoho, ka kama gadinka."

"Riga ta ɓoye ka, mota ta tona ka."

Ya sauko, ya kama hannuna. Yatsunsa kamar kara.

"Ciwo ne a ciki. In kafil ya ji, khalas, shi ke nan, sai jirgin gida. Bar ni in gama gyaran sitiyarin motar nan, in tafi gida da ƙafata. Ka yi mini shiru, don Allah."

Na yi shiru. Ni ba a ba ni amana ta zube.

Ya yi ta fama da ƙafafun motar na gaba, yana ɗan kwantar da ƙarfen da taya ke juyawa a kai, wai don in an saki sitiyari ya komo tsakiya da kansa. Shinkafar da nake kai masa kuwa, kyanwar gareji ce ke ƙiba da ita.

Ana nan 'yarsa Awawu ta kira wayata.

"Baba Gado, muryar Baba ta canja. Ka gaya mini gaskiya, in roƙe shi ya dawo?"

"Lafiyarsa ƙalau, 'yata. Ya fi ni cin tuwo."

Ta yi dariya, har da sa mini albarka.

Ranar da ya gama, bayan la'asar, ya ce, "Yalla, tsoho, hau." Muka bi titin bayan garejin, ya sha kwana, ya ɗaga hannuwansa biyu.

"Duba!"

Sitiyari ya warware a hankali, ya tsaya cak a tsakiya. Bawah na murmushi. Ina jira ya mai da hannu, sai hannuwan suka sauka kan cinyarsa, kansa ya kwanta a kafaɗata, ba nauyi. Motar ta yi ta tafiya sak har na ja birkin hannu. Da wani ne, da ya yi ihu. Ni kalmar shahada na yi ta faɗa masa a kunne.

A nan Doha aka rufe shi. Awawu ta sake kira, ta ce an gaya mata farat ɗaya abin ya zo. Na ce Allah ya jiƙansa. Wayar na cikin aljihuna, wani lokaci tana kaɗawa, ina barinta.

Motar na nan a lulluɓe, tsaye daidai, ba ta karkata ko'ina ba. Mai cewa ƙarya nake, ya zo ya durƙusa ya leƙa gajeren fallen nan. Inda yake sheƙi a da, tsatsa ta rufe shi tun Bawah na da rai.