Wainar Arba'in a Tsibiri

Mahfuza ta sa bakin cokali za ta juya wainar farko, ta ga ta kama, ta kankare ta ta ajiye gefe. Ba ta damu ba, ta farko ko a hannun Inna kamawa take yi. Ta ƙara ɗiga mai a ramukan tandar, ta zuba ƙullu da ludayi, ta tsaya tana kallo yana kumbura. Ta biyu ta fito sumul, gefenta ja, cikinta fari.

Kicin ɗin da take tsaye a ciki ya fi ɗakin da ta yi shekaru tana kwana da mata uku a unguwar Hor Al Anz girma. Ta taga ana hango ruwan teku kwance kamar an zuba shi a faranti, a ƙetarensa kuma bayan wasu gidaje ne iri ɗaya sak da wannan. Haka tsibirin Palm yake. Yashi aka zuba a teku aka fitar da siffar bishiyar dabino, kowane reshe layi guda ne, gidaje dama da hagu, kowane gida bayansa ruwa. Masu kuɗi sun saya da tsada don su huta, kuma da zafi ya kama sai su kulle su tafi Turai su huta a can.

Yau arba'in ɗin Inna. Mahfuza ba ta ga jana'iza ba, ba ta ga uku ba, ba ta ga bakwai ba. Rasuwar ta same ta tsakanin aiki biyu, an soke bizar tsohon ofis, ta sabon wurin ba ta fito ba, mai bin takardun kuma ya ce in ta fita ƙasar komai zai koma farko. Kafin ma ya gama yi mata bayani an kai Inna makwancinta a Kano. Tun ranar ba ta yi kuka ba. Ta nema, ta zauna musamman don ta yi, bai zo ba. Zuciyarta ta zama kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta, ka taɓa ka ji kamar ta wani ce. Masu gaisuwa sun yi ta turo saƙo tana amsawa da amin, na gode, har wayar ta haddace tana kawo mata kalmomin da kanta.

Aikin da ta bari na ofishin cargo ne a unguwar Deira, auna jakunkunan 'yan kasuwa, liƙa musu lamba, da rarrashin alhazan da kayansu suka yi jinkiri. Girki kuwa na ƙarshen mako ne, don 'yan ɗakinsu. A nan wata 'yar Labanan haihuwar Kano, Madam Nadiya, ta ji labarin miyar kukarta, ta ɗanɗana, ta ce ta zo ta riƙe mata kicin. Mahfuza ta yi murna a lokacin. Da ta gaya wa Inna a waya, Inna ta ce, "Ni na ƙare rayuwata a bakin tanda don ki zauna a ofis, ke kuma kin tsallaka teku kin koma bakin tanda." Da dariya ta faɗa, amma Mahfuza ta san irin wannan dariyar. Ta ce a ranta za su sake maganar in aiki ya zauna. Ba su sake ba.

Jiya da yamma niyyarta ta jiƙa shinkafa kaɗan, ta fita hakki kawai. Amma hannun da ya tashi a gidan mai waina bai san kaɗan ba. Ta zuba, ta ƙara, ta ƙara, sai da ta ga gindin buhun. Kafin rana ta yi tsaka ta cika kula biyu da babban tire, ga miyar taushe a tukunya, ga yajin ƙuli a gefe.

Wayarta ta yi ƙara. Asama'u ce, ƙanwarta, a bidiyo. Bayanta tsakar gidansu ne cike da mata, ana ta wucewa da kwanuka.

"Yaya, kin soya?"

"Na soya." Ta juya mata wayar ta gani.

"Duk wannan? Mutum nawa ne a unguwar taku?"

Mahfuza ta dubi taga. "Akwai mutane."

"Tamu tun kafin hantsi ta ƙare. Tsofaffin masu sayen wainar Inna har daga Kurna suka zo, wani tsoho kuka ya yi ta yi a zaure. Malam ya yi addu'a mai kyau." Asama'u ta share ido da gefen mayafi. "Ki fitar da ita yau fa, Yaya, kada ta kwana. Taki ma ta isa gare ta."

"Yanzu zan fitar."

Sai da ta ajiye wayar sannan tambayar ta zo mata, wadda ya kamata ta zo tun jiya kafin ta buɗe buhu. Ta fitar wa wa? A gida ba a tambayar wannan. Ka ajiye kwano a ƙofa, ka aika maƙwabta, kafin ka juya an dawo maka da shi wankakke. Ita kuwa tun zuwanta layin nan ba ta san sunan mutum ɗaya ba.

Ta sa mayafi, ta ɗauki kula ɗaya ta fita. Zafin watan Agusta ya rufe ta kamar ta buɗe murfin tukunya. Titi fes, motoci a lulluɓe, ba ko kyanwa. Ta danna ƙararrawar gidan dama, shiru. Na gaba, shiru. Na gabansa wani kare ya amsa daga ciki. A gida na huɗu murya ta fito daga ƙaramar na'urar jikin bango, wata mai aiki 'yar Filifin. Mahfuza ta yi mata bayani da Turanci, abinci ne, kyauta ne, saboda mahaifiyarta da ta rasu. Matar ta yi mata ta'aziyya da gaske, har muryarta ta yi laushi, sannan ta ce uwar ɗakinta ta hana ta karɓar komai daga waje, kuma akwai kyamara a ƙofar.

Ta taka har bakin layin, inda maigadi ke zaune a ɗakinsa na gilashi. Saurayi ne mai fara'a, kullum sai ya ɗaga mata hannu. Ya leƙa kular, ya shaƙi ƙamshin, ya haɗiyi yawu, Mahfuza ta gani da idonta. Sannan ya nuna kyamarar da ke saman kansa ya dafa ƙirji yana ba ta haƙuri. Ta tambaye shi masu ban ruwan fulawa fa? Ya ce ai da tsakar rana a wannan watan ba a aikin waje, motarsu ta kwashe su tun ɗazu.

Ta raɓe a inuwar ɗakin gadin ta kira Zailani, abokin aikinta na tsohon ofis.

"Hajiya Mahfuza ta Palm, yau an tuna da talakawa ke nan."

"Zailani, waina na yi. Arba'in ɗin Inna ne yau, kuma na rasa wanda zan ba."

Wasan ya fita daga muryarsa. "Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Wallahi da jiya kika faɗa min. Ina tashar jirgin ruwa ta Jebel Ali tun safe, container ɗinmu ya maƙale, ban san lokacin da za mu tashi ba. Ki hau taxi ki kawo Deira mana. Ki ajiye a bakin ofis kawai, khalas, shi ke nan, mutanenmu za su share ta kafin ki juya."

"Ba zan iya barin layin ba. Masu gyaran AC za su zo, ba su faɗi lokaci ba. Madam ta ce kada su zo ba kowa, ni kuma har yanzu gwada aikina take yi."

"To ki sa a firij, gobe inshallah na zo da kaina."

"Gobe arba'in da ɗaya."

Zailani ya bar maganar. Can ya ce, "Teburinki fa har yanzu ba a sa kowa ba. Oga yana tambayarki."

"Ka gaishe shi," in ji ta, ta kashe.

Ta koma gida da kular yadda ta fita da ita, sai dai ta fi nauyi a hannu. Masu gyara suka zo bayan Azahar, su biyu, suna sauri. Ta buɗe musu tire, ɗaya ya ce shi ba ya cin abin da bai sani ba, ɗayan ya yi murmushi ya nuna agogo. Suka gyara suka tafi. Yanzu ta sami damar fita, amma ta zauna a kujerar kicin ta kasa tashi. Ta hango kanta tana jan kula biyu zuwa Deira, tana ajiyewa a ƙofar ofishin da ta bari, alhazai suna cewa ashe girkin ne da gaske, kuma ko wannan bai sa ta ji kunya ba. Ba ta jin komai, ƙafafunta ne kawai suka ƙi.

Wainar ta huce. Dokar Madam ita ce abin da ya rage ba ya kwana a kicinta, kwandon shara yake zuwa. Mahfuza ta taka fedar kwandon, murfin ya buɗe, ta dube shi, ta ɗage ƙafa ya rufe. Ba ta wanke Inna ba, ba ta ga fitarta ba, ba ta zauna karɓar gaisuwa ba. Wannan ne kaɗai abin da ya rage da zai fita daga hannunta ya je wa Inna, ga shi nan jibge a kan teburin marmara ba mai ci.

Bayan ta yi La'asar ta ji ƙarar inji daga bayan gida. Ƙaramin kwalekwale ne yana bin gefen ruwa a hankali, da mutum uku a ciki sanye da kayan aiki ruwan lemo, suna tsamo ciyawar teku da robobi da raga mai doguwar sanda. Ta sha ganinsu ta taga, ba ta taɓa lura da fuskokinsu ba.

Ba ta yi shawara da zuciyarta ba. Ta ɗauki kula a kowane hannu, ta tura ƙofar baya da kafaɗa, ta sauka kan yashi ba takalmi. Yashin ya ƙona mata tafin ƙafa har ta isa inda ya jiƙe.

"Assalamu alaikum."

Babbansu, wani dattijo mai gemu ja da lalle, da alama mutumin Pakistan ne, ya amsa sallamar yana duban yashin bayanta, yana zaton shara za ta nuna musu. Ta ajiye kulolin ta buɗe. Ya girgiza kai, ya ɗaga hannu alamar a'a, kwalekwalen ya ci gaba da tafiya.

"Sadaka," in ji Mahfuza.

Wannan kalmar ya ji ta. Ya yi wa mai riƙe da injin magana, injin ya mutu. Suka naɗe ƙafar wando suka sauko cikin ruwa, suka tako har gabanta. Suka wanke hannu da ruwan gorarsu, suka yi bismilla. Ƙaraminsu ya gutsuri ɗaya da tsoro-tsoro, ya dangwala yajin ƙuli, ya tauna, sannan ya ɗauki biyu a haɗe. Suka ci a tsaye, ruwa na dukan idon sawunsu. Da suka ƙoshi dattijon ya nuna ragowar ya nuna can nesa, wato akwai wasu a masaukinsu. Ta gyaɗa kai, ta koma ciki ta juyo ta tiren a leda, ta haɗo musu da miyar.

Sannan ya tambaye ta da guntun Turancinsa, sadakar wa ce?

"Mamata. Ta rasu."

Ya yi salati a hankali. Ya goge hannu a jikin rigarsa, ya ɗaga su sama, sauran biyun ma suka ɗaga. Har ya buɗe baki zai fara, sai ya tsaya ya dube ta.

"Suna?"

"Inna," in ji ta.

Ya girgiza kai. Ba abin da ake kiranta yake nufi ba, sunanta na yanka yake so, wanda zai sa a addu'a.

A gida ba wanda zai yi mata wannan tambayar. Duk unguwa an san sunan, malam ma ba sai an gaya masa ba. Ita kuwa 'yar fari ce, tun da ta yi wayo sunan bai taɓa bi ta bakinta ba. Wata ƙawarta ta makaranta mai irin sunan, har suka gama Mai Sunan Inna take kiranta. In wani ya ambace shi a gabanta sunkuyar da kai take yi. Ta waiga bayanta kamar za ta ga wanda zai faɗa a madadinta, ba kowa sai gidan Madam da labulensa a sake.

Mutum uku suna tsaye cikin ruwa da hannuwa a sama, suna jiranta.

"Halimatussa'adiya," ta ce.

Muryar ba ta fita ba, iska ta ɗauke ta. Dattijon ya karkato kunne, ya matso taku ɗaya.

Mahfuza ta ja numfashi, ta kira sunan uwarta da ƙarfi, har ya tsallaka ruwan. Dattijon ya maimaita shi daidai, ya fara addu'a. Ta ɗaga nata hannuwan za ta ce amin, bakin ya ƙi buɗuwa, sai ta durƙusa a kan jiƙaƙƙen yashin, su ukun suka ce mata amin ɗin.