Ranar da Tormod Ya Ɗora Tukunya

Tormod ya san teku, ya san tumaki, ya haddace Zabura kusan duka, amma in ka tambaye shi inda gishiri yake a gidansa sai ya ƙwala wa matarsa kira. Kicin na Dolina ne, kuma ba ta son ƙafar kowa a ciki, balle tasa mai taɓo.

Sau biyu a shekara ake Jibin Ubangiji, wato ibadar cin gurasa da sha daga ƙoƙo ɗaya a coci, a ƙauyensu na tsibirin Lewis, kuma duk karon gidansu cika yake da baƙi daga sauran ƙauyuka. Da yake ba mai ɗora tukunya ran Lahadi, ranar hutu da ibada, dole a gama girki tas ran Asabar. A wannan Asabar ɗin ce kuma dattawan ikilisiya ke zama bayan sujada, su saurari duk mai son zama a teburin Ubangiji karo na farko. In sun gamsu sai su ba shi ɗan ƙarfen shaida mai kama da kwabo.

Tormod ya karɓi nasa tun kansa bai yi furfura ba. Dolina kuwa, wadda kowa ya san ta fi shi addu'a nesa ba kusa ba, ko sau ɗaya ba ta taɓa shiga wurin dattawan ba. Duk sanda ya tashi zuwa teburin sai ya bar ta a bencin baya, jaka a cinya, kai a sunkuye. Abin yana ci masa rai ƙwarai. Ya san tsoro ne, gani take ba ta isa ba, amma ba ta taɓa faɗa da baki ba. Da tukunya take kafa hujja.

Ran Juma'a da safe ya same ta tana feraye dankali, ya tsaya a bakin ƙofa kamar yadda doka ta tanada.

"Tsohuwa, gobe dattawa za su zauna."

"Allah ya ba su zama lafiya. In na tafi, wa zai ciyar da mutanen nan? Kai?"

Shekara da shekaru a nan maganar ke mutuwa. Yau sai ya ji bakinsa ya ce, "Ni."

Dolina ta yi dariya har wuƙa ta faɗi. "Har duf?"

Duf dai curin fulawa ne da kitse da busasshen inabi, a ƙulle shi a ƙyalle a dafa cikin ruwa rabin yini, kuma na Dolina ake kwatance da shi a tsibirin.

"Har duf," in ji shi.

"To, tsoho, ran da ka dafa duf, ni kuma na shiga wurin dattawa."

Ta faɗa ne saboda ta tabbata ba zai iya ba. Sai dai ita mace ce da ba ta saɓa maganarta, shi kuma ya san haka sarai.

Washegari ta sa hularta ta coci, fuska ba jini, ta bi baƙi zuwa sujada. Sau uku tana dawowa daga ƙofar gida, wai ta manta ta gaya masa wani abu. A na ƙarshe ya tura ƙyaure ya sa sakata.

Miyar sha'ir ba ta ba shi wuya ba, naman rago ma ya dai jefa a tukunya ya bar wa Allah. Duf ne ya tsaya masa. Yana cikin kwaɓi, fulawa har gira, sai ga ƙanwarsa Effie, wadda ciwon gwiwa ya hana zuwa coci amma bai hana ta tsallako hanya ba. Ta jingina da taga.

"Yaya, gobara aka yi ko kai ne ke girki?"

"Koma gida, Effie."

"Kawo in kwaɓa maka, ba mai ji."

"Akwai mai ji. Ni na yi alkawari, ni zan cika."

Ya nemi ƙyallen duf sama da ƙasa bai gani ba, sai ya buɗe akwati ya zaro wata farar rigar matashi mai ado a baki. Ya juye kwaɓin a ciki, ya tattare, ya ɗauko igiya.

"Bar masa wuri, zai kumbura," in ji Effie.

"Ni za ki koya wa ƙulli? Ƙullina ya riƙe jirgi a guguwa."

"Jirgi ba ya kumbura, Yaya."

Ina, taurin kai ya riga ya motsa. Ya ɗaure shi tamau, ya saka a tafasasshen ruwa, ya ja kujera ya zauna gadi. A nan ne, da kicin ya yi shiru, ya tuna Dolina. Ya hango ta a zuci gaban dattawa tana murza hannun jaka, sai tausayinta ya kama shi. Bai taɓa sanin yadda mutum ke ji a wurin da ba nasa ba sai yau, da ya zauna gaban tukunya yana zufa. Ya rufe ido ya roƙi Ubangiji ya buɗe mata baki.

Addu'ar ba ta kai amin ba ya ji fus! Murfi ya ɗaga. Rigar matashi ta yage daga gefe, duf ya bazu cikin ruwa, inabi na iyo. Garin ceton abin da ya saura ya tsoma hannu, ya ƙone yatsu biyu. Effie ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya zare mata sakata ta shigo ta naɗe masa yatsun. Abin da ya tsira suka tace a babban kwano. Ba ya yankuwa, sai dai a ɗiba da cokali kamar fate.

Yana tsaye a kansa ya ji motsin ƙofa. Dolina ta shigo ita kaɗai, ta riga baƙi. Ta dubi bango, ta dubi kwano, ta ɗaga yagaggen ƙyallen da yatsa biyu.

"Tormod, wannan fa cikin kayan aurena yake."

Shi ba kwanon yake kallo ba, ɗaya hannun nata yake kallo, wanda ta dunƙule.

"Tsohuwa, kar ki ja min rai."

Ta buɗe tafin. Ga ɗan ƙarfen nan, ya jiƙe da gumi.

"Me kika ce musu?"

"Me fa zan ce? Bakina ya mutu. Da ƙyar na ce ni dai ba ni da abin da zan kawo teburin nan. Sai dattijo Calum ya ce, 'Dolina, duk shekarun nan muna cin abincinki, kin taɓa ganin wanda ya zo miki da tukunyarsa?' Shi ke nan na fashe da kuka, su ma suka taya ni."

Ta share ido da bayan hannu, ta ɗauki cokali ta ɗanɗana abin da ke kwanon. Ta daɗe tana taunawa.

"Ka manta sukari."

Baƙi dai sun cinye shi tas da yamma, Calum har da neman ƙari, ko da yake an ga yana yawan kurɓar shayi.

Ran Lahadi, da aka ɗaga waƙar Zabura mutane suka fara tashi zuwa gaba, Tormod ya miƙe. Bai waiwaya ba, don yana tsoron abin da zai gani. Sai ya ji an kama hannun rigarsa. Tare suka taka, suka zauna gefe da gefe gaban farin ƙyallen teburin.

Gurasa ta wuce. Ƙoƙo ya biyo layi daga hannu zuwa hannu har ya iso gare shi. Ya kurɓa, ya juya. Tun ranar aurensu ita ke miƙo masa abin ci da abin sha, shi nasa karɓa ne kawai. Ya riƙe ƙoƙon da kyau da naɗaɗɗun yatsunsa, farin ciki ya cika shi har ido ya kawo ruwa, ya miƙa mata.

Dolina ta sa hannu biyu ta karɓa.