Lagwanin Malam Na'Allah

Shekarar da aka ce kowa ya tsuke bakin aljihu, kananzir ya yi ɓatan dabo a ƙasar Shagari. Wanda ake samu kuwa rabinsa datti ne. Da shi Malam Na'Allah, ma'aikacin ɗakin shan magani na Mandera, yake lallaɓa wani tsohon firji mai lagwani, safe da yamma yana datse masa baki don kada wutar ta shaƙe. A cikin firjin akwai allurar rigakafin baƙon dauro ta yara tamanin, wadda ya yi wata biyar yana roƙo kafin a ba shi. Ranar Alhamis za a yi wa yaran.

Sai ga takarda daga ofis: duk ma'aikatan lafiya su hallara Bodinga, Litinin zuwa Laraba, bitar ɗa'a da riƙon amana. Har maigadi. Wai maigadi!

Na'Allah ya sami Alhaji Mainasara, shugaban sashensu, ya rusuna. "Ranka shi daɗe, in na yi kwana ukku ban nan, wutag ga mutuwa za ta yi. Maganin ko in ya ji zafi, ya zama ruwa."

"Kai ka fi kowa aiki?" in ji Alhaji. "Irinku anka shirya ma bitag ga. Kuma kak ka ba wani makulli, doka ta hana."

Ranar Litinin suka cika wani aji a Bodinga, manyan mutane a kan bencin yara, gwiwa na taɓa haɓa. Wani bawan Allah da aka ɗauko daga Sakkwato ya rubuta a allo cewa ma'aikaci nagari ba ya barin wurin aikinsa. Aka ce su maimaita sau uku. Suka maimaita, alhali ɗakunan shan magani goma sha ɗaya na can a garƙame. Kai, wani abin sai a ƙasar nan! Na'Allah baki na motsi, amma hankalinsa kaf yana kan lagwani.

Ana sallame la'asar ya haye kekensa, ya yi ta fama har Mandera. Ya tarar da wutar ta yi ja, tana hayaƙi, saura ƙiris. Ya datse, ya ƙara mai, ta dawo shuɗiya. Da asuba ya sake dubawa, sannan ya kamo hanya. Ƙaya ta fasa masa taya, ya iso Bodinga ƙarfe tara, an riga an kira suna.

Alhaji Mainasara ya tsayar da shi gaban aji, kamar yaron da ya yi fitsarin kwance. "Ku dube shi da kyau. Ga misalin abin da muka faɗi. Kwana ɗaya tak, ya karya doka."

"Ranka shi daɗe, magani nit tai dubawa."

"Ka ji shi ko? Har da gardama!"

Nan take aka dakatar da shi sati biyu, aka karɓe makullin ɗakin, Alhaji ya jefa shi aljihun babbar riga. Na'Allah ya roƙa a ba ko ma wane ne makullin ya riƙa duba wutar, ya yarda a ƙara masa wata guda a kan hukuncin. Aka ce za a duba bayan an raba takardun shaidar bita. Abokan aikinsa kowa ya sunkuyar da kai. Wallahi wannan ya fi ƙona masa rai.

Ranar Alhamis tun da hantsi mata suka cika gindin dalbejiya da goyonsu, wasu tun daga rugagen Kajiji a ƙasa. Na'Allah na tsaye gaban kwaɗon ɗakin maganinsa kamar baƙo. Ya zagaya ta taga, ya kara hanci jikin wayar tagar. Ƙaurin mataccen lagwani ya buge shi. Ya daɗe a nan, don bai san da wane ido zai dubi matan ba.

Kulu, wadda baƙon dauro ya ɗauke wa 'ya'ya biyu bara, ta biyo shi da jaririyarta a kafaɗa. Har ta tuɓe wa yarinyar riga.

"Malam, mu jira makullin?"

Ya dubi ɗan damtsen yarinyar.

"Maida mata rigarta, Kulu. Ko an kawo shi, ba abin da zan sa mata."