Tabon da Mai Wanki Ya Ƙi Cirewa

"Cire hannunka!" Mai Hoto ya daka tsawa, amma ina! Mai Wanki ya riga ya murza jiƙaƙƙiyar takardar hoton da babban yatsa. Fuskar marigayiya matarsa ta narke ta bi ruwa, saura kunne ɗaya da ɗankwali.

"Datti na gani," ya ce a sanyaye.

"Dattin nan hancinta ne, bawan Allah! Takarda ta biyu ke nan ka wanke mini tas. Saura ɗaya tal."

Shekara talatin shagunansu na jingine da juna, kullum cikin tsiya suke, amma yau abin ba na wasa ba ne. Hoton matar da ke rataye a shagon wanki ya sha tururin guga har ya koɗe, sai inuwa. Ga Auta, 'yarsa, wadda uwar ta bari tana shekara uku, ta samu aiki a nesa, gobe da safe za ta hau mota. Abu ɗaya ta roƙi ubanta, ya ba ta fuskar uwarta ta tafi da ita.

Mai Hoto ne ya ɗauki hoton tun asali. Ya tono fim ɗin a ƙasan akwati, faɗinsa ya kai tafin hannu, ya ce za a buga shi ta tsohuwar hanyar da maigidansa ya koya masa, wadda ba ta koɗewa. Matsalar ita ce hannunsa rawa yake yanzu, dole Mai Wanki ya yi aikin.

"Sake damawa," in ji Mai Hoto. "Ruwan ƙaro cokali biyu, baƙin gari kaɗan, sai ruwan maganin nan. Kar ka taɓa shi da hannu, guba ne."

"In ƙara bula? Tana sa abu ya yi haske."

"Matarka za mu buga, ba zanin gado ba."

Mai Wanki ya shafe takardar da burushi, ta bushe a ɗakin duhu, suka ɗora fim a kai, suka danne da gilashi, suka fitar rana. Mai Hoto ya sake yi masa bayani karo na uku: inda rana ta ratsa fim, ƙaro zai daskare ya riƙe baƙin. Inda ba ta ratsa ba, ruwa zai kwashe shi da kansa.

"Da kansa na ce! Ruwa ba ya neman ɗan aiki."

Suka kifa takardar a faranti mai ruwa. Nan fa aka zo wurin wahala. Mutumin da ya yi shekara talatin yana cuɗa, yana murza, yana matsewa, a ce ya ga abu a jiƙe ya ƙyale shi? Yatsunsa suka fara motsi su kaɗai. Mai Hoto ya jawo kujera.

"Zauna a kan hannayenka."

"Haba, da girmana?"

"Da girman naka."

Ya zauna a kansu kuwa. Wata mata ta leƙo neman kayanta, ta ga dattijo zaune kan hannuwa yana harar faranti, ta ce za ta dawo gobe. Baƙi na ta zarewa daga takardar yana kwanciya a ƙasa, shi kuma tsoro yake ji kada fuskar matar ma ta bi ruwa.

Bayan rabin awa Mai Hoto ya ce ya juyo ta a hankali. Sai ga ta. Ga goshin, ga idanun, ga ɗan murmushin nan da take yi idan ta kama shi da ƙarya. Mai Wanki ya ƙura mata ido.

Mai Hoto ya gyara tabarau, ya yi tsaki.

"Kash, ga tabo a kumatu. To, yau ranarka ce, gwanin cire tabo. Ungo ƙaramin burushi, tun tana jiƙe. Na yarje maka."

Mai Wanki ya karɓa, ya sunkuya, ya daɗe yana kallon ɗigon. Tawadar Allah ce, a ƙasan idonta na hagu. Ita ta fara ɓacewa a hoton bango, har shi kansa ya manta da ita. Auta tana da irinta sak, a daidai wurin.

"Goge mana, za ta bushe!"

Ya ajiye burushin, ya koma kujera, ya mayar da hannayensa ƙarƙashinsa.

"Wannan ba ya fita," ya ce. "Kira mini Auta."