Jar Kanwa Zuwa Ingila

Shekara huɗu ke nan ɗana Zakariyya'u yana Ingila, kuma duk lokacin da aka samu mai tafiya sai na haɗa masa saƙo. Jerin kayansa na haddace shi tsaf: kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, ƙuli-ƙuli, sai soson wanka, don ya ce nasu na can laushi gare shi kamar burodi, mutum ya yi ta guga bai ji ya yi wanka ba. Wata shekara har tsintsiya ya sa na naɗe masa a zani. Yaron da duk zamansa a gidan nan na Makera ban taɓa ganin ya ɗauki tsintsiya don Allah ba.

To, ranar Talata da hantsi ina tsince shinkafa sai ga saƙon muryarsa a waya. Wai Eunice za ta koma ranar Asabar, ta ba shi kilo biyar a cikin jakarta. Eunice 'yar ƙawata Rebecca ce. Mazajenmu tare suka yi aikin masaƙa a Kakuri har aka rufe ta, yanzu duk sun riga mu gidan gaskiya. Ita Eunice nas ce a garin da Zakari yake, ta zo gida bikin ƙaninta.

"Inna," in ji shi a cikin saƙon, "wannan karon a bar ƙulin. A samo mini jar kanwa da garin gero, da citta, kanumfari, masoro da kimba. Sai busasshen ganyen darbejiya mai ɗan yawa. In da hali, da ƙaramar ƙwarya da ludayi."

Na ajiye farantin shinkafar. Sau huɗu na saurari saƙon nan.

Ni na haifi Zakari, ba labarinsa aka ba ni ba. Kunu ko na gyaɗa ne sai da tsawa yake sha. Da azumi kowa na riƙe da kofin kunu, shi yana neman shayi. Kuma yaron da zai iya hana ƙanwarsa barci a kan ƙuli guda, yau shi ne yake cewa a bar ƙuli. Haihuwata shida, kuma matan da na yi wa wankan jego a layinmu sun haura ashirin. Kanwa da gero kunun mai jego ne. Kayan ƙamshin nan yajin jego ne. Ganyen kuma da shi ake watsa ruwan zafi a jikin wadda ta haihu. Wannan ba jerin tuzuru ba ne.

Daga nan sai abubuwa suka fara dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Sama da shekara, duk kiran bidiyo da zai yi mini a cikin mota yake yi. In na ce ya nuna mini ɗakinsa, sai ya ce, "A hargitse yake, Inna." Ya yi kumatu, har da taiɓar wuya, alhali da can yana yi mini kukan wake na gwangwani. Bara ya ce a aiko masa da muciya da mara, na yi ta dariya ina gaya wa maƙwabta ɗana ya koyi tuƙin tuwo. Ashe ni ce abin dariyar.

Abin da ya fara zo mini shi ne mafi muni. Na ce shi ke nan, ya ajiye Baturiya a ɗaki ba aure, an haifa mini jikan da ba zan iya ɗaga kai in faɗi asalinsa ba. Shinkafar ma kaji suka ƙarasa tsince ta. Sai da na idar da azahar na samu natsuwar yin tunani. Baturiya ina ta san kimba? Wadda ta karanta masa jerin nan 'yar gida ce, ta ga an yi wa yayyenta jego.

Na kira shi. A mota ya ɗauka, kamar kullum.

"Zakari, kanwar nan ta mece ce?"

"Ciki ke ɗan damuna, Inna. Wani abokina ya ce tana magani."

"Allah ya sawwaƙe. Ganyen fa?"

"Na zazzaɓi ne. Sirace zan yi."

"Ikon Allah. Sauron Kaduna ne ya bi ka har can?"

Ya yi wata dariya wadda ba ta wuce haƙoransa ba, ya ce ana nemansa a wurin aiki. Idanunsa jajir, irin na wanda ya kwana biyu bai runtsa ba.

Washegari na shiga kasuwar Kakuri. Ina gama lissafa wa mai kayan ƙamshi abin da nake so, sai ya washe baki.

"Barka, barka, Hajiya Dije! Wa ta sauka a gidan?"

Na ce maƙwabciya ce. Da girmana na yi ƙarya a tsakiyar kasuwa, kuma na ɗora laifin a kan Zakari.

Ranar Alhamis bayan azahar na ɗauki kayan na shiga mota zuwa Gonin Gora, inda Rebecca ta koma da zama. Na tarar da falonta ya zama kasuwa. Kowa mai ɗa a Ingila ya kawo nasa ƙunshin: acca, garin rogo, manja a gora an naɗe da leda bakwai, dunƙulen miya, har da wata da ta aiko da rariya. Eunice na durƙushe a tsakiya da ɗan sikeli na ratayewa tana auna kowanne.

"Sannu da zuwa, Mama," ta ce, ta russuna. Yarinyar da ta saba rungume ni tana tambayar dambu, yau sikeli take kallo.

Na zauna kusa da akwatinta da ke buɗe. A gefe guda, ƙarƙashin atamfofi, na hango wasu 'yan riguna da hular saƙa da ba za ta shiga dunƙulen hannuna ba.

"Eunice, waɗannan fa? Ko kin yi aure ne ba a gaya mana ba?"

"A'a, Mama. Na wata ce a wurin aikinmu."

"Allah ya raya. Bahaushiya ce?"

"Eh... a'a. Mama, kawo kayan in auna."

Rebecca ta tashi wai za ta duba tukunya, alhali ni ban ji ƙamshin komai a gidan ba.

Na fito da ƙullin kanwar na ɗora a cinyata. Na san Eunice tun tana rarrafe. Za ta iya riƙe sirrin aboki, amma ba za ta iya kallon ana shirin cutar da marar lafiya ta yi shiru ba.

"Ki gaya wa Zakari," na ce, "kanwar nan ba ta aiki in an yi mata rowa. Duk damun kunu a zuba cikin tafin hannu biyu. Safe, rana da yamma. Kwana arba'in cur, kar a tsallake ko ɗaya."

Ta saki sikelin.

"Mama, abeg, kar ki gaya masa haka! Jininta ya hau wajen haihuwa, har yanzu tana shan magani. Kanwa mai yawa za ta iya taɓa mata zuciya. Ni dama ban yi niyyar kai musu ita ba, a hanya zan zubar."

Tana rufe baki ta gane abin da ta yi. Ta dafe kai ta zauna daɓas a kan buhun acca.

"Wace ce?" na ce.

"Mama, na yi masa alkawari."

"Alkawarin ya riga ya zube. Wace ce?"

"Nafisa."

Da a ce ta ce mini Baturiya ce, da na san yadda zan yi fushi. Nafisa kuwa na san ta. Malamar makaranta ce a Barnawa, bazawara, ta girmi Zakari da shekara biyu. Shekara biyar da suka wuce ya zo mini da maganarta, ni kuma na riga na sa ido a kan 'yar wana. A tsakar gida, a gaban ƙannensa, na ce masa in ya auri Nafisa ya nemi wata uwar. Bai ƙara tayar da zancen ba, na ɗauka na yi nasara. Daga baya na ji uwarta ta rasu, ita kuma ta tafi karatu waje. Ban tambayi wace ƙasa ba.

Eunice ta ce an ɗaura auren shekara ɗaya da rabi ke nan, a Zariya, kuma Baffansa Mustapha, ƙanin marigayi maigidana, shi ya karɓa masa. Nan take na tuna wata Asabar da Mustapha ya shigo gidana da farin goro da alewa, ya ce daga ɗaurin auren ɗan abokinsa yake. Na ci goron, har na yaba zaƙinsa, na yi wa amarya da ango addu'ar zuri'a ta gari.

"Yau kwana nawa da haihuwar?" na tambaya.

"Sha tara. Mace ce."

"An yi suna ke nan."

"An yi, Mama. Mu biyar ne a falo."

"Wa yake yi mata wanka? Wa yake dafa mata?"

"Ni na yi kwana tara kafin in taho. Yanzu shi kaɗai ne. In ya dawo daga aiki sai ya ɗora ruwa, yana duba yadda ake yi a waya."

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Kowa ya sani ban da ni. Amma abin da ya fi haushin nauyi shi ne kunya. Ɗana ya rasa wanda zai tambaya yadda ake dama kunun jego, alhali uwarsa ce ake aikowa a kira a duk layin.

Rebecca ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa. "Dije, wallahi ni ma shekaranjiya na ji," ta ce. Rebecca Kirista ce, amma tun zaman Kakuri ta koyi rantsuwa da wallahi, kuma ba ta yin ta a banza.

Na ajiye kanwar gefe. Na sa hannu ƙarƙashin hijabina na kwance zanin da na yi gyauto da shi, tsohuwar atamfa ce da wanki ya lausasa. Sabon zani kartar jikin jariri yake yi. Na ninke shi na ɗora a kan geron.

"Auna," na ce wa Eunice. "Sannan ki kira mini shi da wayarki. Tawa a mota yake ɗauka."

Bugu biyu ya ɗauka. Yana tsaye a kicin da singileti, tukunya na tururi a bayansa, ga wata 'yar mitsitsiya a kafaɗarsa, kanta na lilo.

"Eunice, kin karɓi ka..."

Sai ya ga fuskata. Na ga yana neman juya wayar, ya rasa hannun da zai yi.

"Inna," ya ce. "Inna, don Allah..."

"Kanwa ba za ta zo ba, nas ta hana. Kunun tsamiya za ka riƙa yi mata, zan gaya maka yadda ake yi. Yaya sunan yarinyar?"

Ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan zanin jaririyar. Na sake tambaya, ya sake yin shiru. Sai na gane. Tun da na haifi Zakari bai taɓa kama sunana da bakinsa ba.

Na share idona da gefen hijabi.

"To, tallafe wa takwarata wuya, ka riƙe ta kamar buhun gawayi," na ce. "Sannan ka kai wa uwarta wayar. Ni zan fara gaishe ta."